Kwanar Kaka

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanya daga tashar jiragen ruwa zuwa kan iyaka ya san kwanar gidanmu, ko da bai san mu ba. Bayan ka gangaro daga duwatsu, kwalta miƙewa take yi ɗoɗar, ba gari ba tudu, har gyangyaɗi ya fara ɗibar direba. Sai kawai, ba gaira ba dalili, ta karya hagu, ta zo ta shafi ƙofar gidanmu, ta sake karyawa dama ta koma kan layinta kamar ba ita ba. Direbobi suna kiran wurin da sunayen da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Mu a gida Kwanar Kaka muke cewa, kuma da alfahari ake faɗa.

Labarin na ji shi har ya gundure ni. Tun hanyar tana turbar jakuna kakanmu yake da 'yar rumfa a nan. Da aka zo shimfiɗa ta karon farko, mai awon hanya ya kwanta zazzaɓi a rumfar, Kaka ya yi jinyarsa har ya miƙe. Da zai tafi ya ce Kaka ya faɗi abin da yake so. Kaka ya ce ba ya son komai illa hanya ta biyo ta ƙofarsa. Mutumin ya tsige turakunsa ya sake kafa su. Aka zuba jar ƙasa a kan wannan karkatar, daga baya aka zuba kwalta, aka faɗaɗa, aka sake faɗaɗawa, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Baba yakan ce, “Duk tsawon hanyar nan, gidanmu kaɗai take durƙusawa ta gaisar.”

Abin da ba ya faɗa shi ne, motocin zamanin Kaka da kaɗan suka fi jaki sauri. Yanzu tirela ce ke gangarowa da kaya fal, sai dai ta ga kwana a gabanta.

A garinmu ba a cewa mota ta faɗi. Cewa ake rabo ya sauka. Da an ji ƙarar birki da rugugin da ke biyo baya, sai ka ga tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa ta riga samari isa, da bahonta a ka. Ba ma lissafin shekaru kamar sauran mutane. Akwai shekarar sukari. Akwai shekarar sabulu, da kowa ya riƙa ƙamshi iri ɗaya har awaki. Akwai shekarar takalman roba, da gari duka ya yi ta yawo da ƙafafu ruwan ɗorawa kamar agwagi. Ni an haife ni shekarar barguna. Tayil ɗin falonmu kala uku ne, domin ba mota ɗaya ce ta kawo shi ba. Allon nan mai jan rubutu da hukuma ta kafa can sama don gargaɗin direbobi, shi ne rufin akurkin kajin Yaya. Ya ce iska ce ta kayar, shi tsinta ya yi. Iskar garinmu kuwa har noti ta iya kwancewa.

Wannan ne ya kore ni. Na samu aiki a wani kantin magani a garin da ke bakin gada, nakan leƙo gida jefi-jefi, in gaida Baba in gudu. Amma ni ce auta, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ba abin da ke sanyaya mini rai kamar tsohon nan ya dafa kaina ya sa mini albarka. Duk haushin gidan da nake ji, shi ne ke dawo da ni. Shi ya sa da ya kira ya ce in zo, ban yi musu ba. Wai za a miƙe hanya a bar kwanar. Injiniya zai zo dubawa, Baba kuma yana so mutumin ya tarar da 'ya'yansa a tsaye a bayansa lokacin da zai roƙi a bar tarihi a inda yake.

Da na shiga falo na tarar da baƙuwar kujera. Doguwa ce, ta zaman mutum biyu, mai soso mai kauri, an yi mata riga da wani shuɗin yadi, an bi bakinsa da ɗinkin hannu na jan zare. An buga mata ƙafafun katako. Baba yana kai ya harɗe, yana maimaita jawabin da zai yi wa Injiniya, yana nuna wa bango yatsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka, ya ce in taɓa in ji laushi.

Matar Yaya, wadda har yau muke kira Amarya duk da 'ya'yanta sun fi ta tsawo, ita ta ba ni labarin kujerar a kicin tana yanka albasa.

“Ai ta motar simintin nan ce ta damina. Ba ki ji ba? Simintin ma ruwa ya ɓata shi, wahalar banza kawai aka sha. Yayanki ya ce shi kam ba zai dawo hannu rabbana ba, ya koma ya ɗauko sifanar kwance noti.”

“Direban fa?”

“Allah ya jiƙansa. Sitiyari ne ya danne shi. Ya daɗe fa bai cika ba, ana jin nishinsa har nan.” Ta share ido da bayan hannu. Albasa ce, ba tausayi ba. “Abin da ya tsaya wa yayanki a rai, da ya leƙa ciki da sifanar, bawan Allah ya zaci ciro shi ya zo yi. Wai har yana ce masa, ‘Yi a hankali ɗan'uwana, akwai gilashi, kada ka yanke.’ Kin san sai da yayanki ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki?”

“Har kwana biyu,” na ce.

“Wallahi. Ai yana da tausayi, ba a dai gane shi ne.”

Na fita bayan ɗaki na tsaya kusa da akurki, yawu yana taruwa a bakina. Ƙyamar gidan ta kama ni, ƙyamar tayil ɗin da nake takawa, har ƙyamar tafin hannuna da ya taɓa sosan nan ya ji laushi. Abincin ranar ban iya ci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Washegari tun da hantsi kowa ya sha wanka. Baba ya sa rigarsa ta zuwa taro, Yaya ya share ƙofar gida a karon farko a rayuwarsa, aka jawo kujerar tsakiyar falo domin Injiniya. Muna cikin jira wata bas ta tsaya a kwana ta sauke mace ɗaya, siririya, ba yarinya ba, da 'yar jaka a kafaɗa da tsohon fulas na shayi a hannu. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kwalta, sannan ta nufo gidanmu, tunda shi ne a baki.

Baba ya ɗauka daga ofishin Injiniya aka turo ta. Kafin ta gama sallama ya miƙe ya ba ta kujerar, ya sa aka kawo ruwa, ya gyara murya ya kama daga turbar jakuna. Baiwar Allah ta saurara har mai awon hanya ya warke daga zazzaɓi, har aka zuba kwalta, har hanya ta durƙusa ta gaida gidanmu. Sai da ya tsaya jan numfashi ta samu ta yi magana.

“Baba, ka yi haƙuri, ni ba ma'aikaciya ba ce. Mijina direba ne. Bi-a-Sannu ake ce masa, don duk abokansa sai sun wuce shi a hanya. A nan motarsa ta faɗi da damina, da siminti.”

Amarya, da ta leƙo daga kicin, ta koma da baya. Yaya ya kama kallon silin.

“Shekara da shekaru yana bin hanyar nan,” in ji matar, “ni ban taɓa ganinta ba sai a bakinsa. In ya dawo, ya kwanta ina matsa masa ƙafa, sai ya ɗauko ni da labari tun daga bakin teku har iyaka. Da na gama zaman makoki na ce sai na gan ta da idona. Na fara daga ƙofar tashar jiragen ruwa, inda suke bin layi. Na ga mai shayin da ke ajiye masa kofinsa daban, har yau yana rataye a ƙusa. Na ga wurin awon motoci, inda yake cewa rana ta fi ko'ina zafi. Gadar ƙarfen nan da ya ce tana waƙa in an hau ta, na ji, tana yi kuwa. Na hau duwatsu, na ga inda yake tsayawa ya sa wa taya dutse ya bar inji ya huce. Ko'ina na sauka sai wani ya ce ya san shi. Nan ne kawai bai taɓa ba ni labari mai daɗi ba. Cewa yake, ‘Akwai wata kwana can gaba, ko wane ne ya yi ta, Allah ya yafe masa.’”

Baba ya yi tari ya gyara hula.

“Abu ɗaya ya kawo ni, Baba. So nake in sani ko akwai wani a kusa da shi lokacin. Mutum ne da ba ya son kaɗaici. Ko abinci ba ya iya ci shi kaɗai, sai ya kira wani.”

Ni dai na san ubana ya iya magana, amma ban san ya kai haka ba. Mutumin da rabonsa da taka bakin kwalta tun da ƙafa ta fara ba shi wahala, ya dafa ƙirji ya ce, “'Yata, kwantar da hankalinki. A kan cinyar nan ya cika. Mu nan ba ma barin baƙo, gado muka yi. Ni na ba shi ruwa da hannuna, ya sha, ya dube ni ya ce, ‘Dattijo, ka isar da gaisuwata ga iyalina.’ Ko ba haka aka yi ba?”

“Ƙwarai kuwa,” in ji Yaya, ga silin.

Na ji kamar in tofar da yawu a kan tayil. Amma na ce a raina, to, ƙarya ce, sai dai ƙaryar da za ta bar baiwar Allah ta samu barci. Na haɗiye abina na sunkuyar da kai.

Hawaye ya shiga zubo wa matar ba sauti. Ta riƙe bakin kujerar da hannu biyu kamar mai jin jiri. Ina kallon yatsunta. Suka fara bin jan zaren nan a hankali, ɗinki bayan ɗinki, ita kanta ba ta san tana yi ba. Can suka tsaya. Ta sunkuya ta duba. Ta ɗaga gefen yadin ta ɓangaren dama, ta zura yatsu biyu cikin wani ɗan aljihu da ba wanda ya san da shi a gidan, ta zaro sachet ɗin ƙwayoyi da ya lanƙwashe, an sha rabi. Daga inda nake na gane shi, kullum ina sayarwa. Maganin gyambon ciki ne.

“Ni na ɗinka wannan,” ta ce, ba ta ɗaga murya ba. “Labulen ɗakinmu ne na farko. Na yi masa aljihu a nan don in yana tuƙi ya miƙa hannu kawai. In ba haka ba mantawa yake.”

Falo ya yi tsit, har ana jin kajin Yaya a ƙarƙashin allon gargaɗi. Na jira in ga wanda kunya za ta fara kamawa. Yaya ne ya buɗe baki.

“Ai ajiye ta muka yi, kada ɓarayi su ɗauke. Kin san halin mutane.” Sannan abin da ke cikinsa ya fito. “Amma fa ƙafafun nan ni na sa mata. Katako ne mai kyau, ba irin na kasuwa ba.”

Uwa ɗaya ta haife mu da mutumin nan. Na dube shi daga sama har ƙasa ina neman inda muka haɗu, ban gani ba.

Matar ta sa maganin a jaka, ta miƙe, ta ɗauki fulas ɗinta, ta ce wa Baba ta gode da ruwa. Ta nufi ƙofa. Kujerar ta bar ta nan, da alamar zamanta a kan soso.

Ban san lokacin da na kama gefe ɗaya na fara ja ba.

“Auta, mene ne haka?” in ji Baba. “Ajiye. Injiniya yana hanya, a kan me zai zauna?”

“Baba, ba tamu ba ce.”

“Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Mu muka kayar da motar? Da rabon nan aka raine ki, da shi kika yi karatun da kike ɗaga mana hanci da shi.” Ya dogara sanda ya miƙe. “Yau ranar da nake neman 'ya'yana a bayana, yau za ki tozarta ni gaban baƙuwa? To ki ji da kyau. In kika tsallake ƙofar nan da kujerar nan, kada ki sake durƙusawa a gabana. Ki nemi mai sa miki albarka a can.”

Na tsaya. Hannun nan da ke riƙe da sanda shi ne ya dafa kaina jiya, kuma na san ubana, in ya tofar ba ya lashewa. Na dube shi, na dubi matar da ta kai bakin ƙofa tana neman takalmanta da ƙafa saboda hawaye ya hana ta gani. Na ci gaba da ja.

Ƙafafun da Yaya ke taƙama da su ashe ƙusa ɗai-ɗai ya buga musu. Da kujerar ta bugi dokin ƙofa biyu suka fita da kansu, sauran na murɗe su da hannu na jefa masa a gabansa. Na ce ga katakonsa nan mai kyau. Matar ta kama ɗaya gefen ba tare da ta tambaye ni komai ba, muka tsallaka kwalta muka ajiye ta a inda ake jiran motar komawa.

Muna zaune a kai wata farar mota ta zo ta tsaya a ƙofar gidanmu. Injiniya ne. Baba ya fito da sandarsa ya tarbe shi, Yaya a bayansa. Ko inda nake bai kalla ba.

Sai ga wata tirela ta gangaro daga sama. Ta ga kwana a makare, ta taka birki, tayoyi suka yi kururuwa, bayanta ya yi gefe yana tangaɗi. Kafin ƙarar ta mutu ƙofofin garinmu sun buɗe, wannan bayan wannan. Mai buhu, mai baro, mai bokiti. Amarya ta fito da bahonta, ɗankwali a hannu ko ɗaurawa ba ta tsaya yi ba. Suka yi cirko-cirko suna jira, wuya a miƙe. Ungulu ba ta jewar banza, amma ranar ta yi: direban ya shawo kan motarsa, ta daidaita, ta wuce tana huci. Aka ja tsaki, aka koma ciki, aka rufe ƙofofi kamar mutanen da aka ɗauke wa kwano a gaba.

Matar ta gani, duk ta gani. Ta sauka daga kujerar, ta tashe ni, ta kifa ta, ta shafa ƙarfen ƙasan, inda ramukan noti suke lafiya lau ba ko lanƙwasa. Matar direba ce, ta san abin da take dubawa.

“Ƙanwata, wannan ba karyewa ta yi ba.”

“A'a. Kwance ta aka yi.”

“Yana da rai lokacin?”

Na so in ce ban sani ba. Na ce, “E.”

“Tsohon bai je wurin ba.”

“Bai je ba.”

Ta gyaɗa kai. “Na sani tun yana faɗa. Mijina bai taɓa cewa ‘iyalina’ ba, ko a gaban manya da sunana yake kirana, har ana yi masa tsiya.” Ta mayar da kujerar daidai ta gyara mata riga. “Ya yi magana? Ki faɗa mini yadda take, na yi doguwar tafiya.”

Na faɗa mata. Yadda Yaya ya shiga da sifana, abin da mijinta ya zata, da abin da ya ce game da gilashi. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na jira ta yi ihu, ko ta tsine mana, ko ta mare ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

“Shi ne,” ta ce. “Wannan kam shi ne.” Ta murza murfin fulas. Sannan ta juyo ta dube ni, da gaske take tambaya. “Yayan naki, ya yanke?”

“A'a.”

“To alhamdulillahi. Da ya yanke, da bai ji daɗi ba.”

Nan abin da nake dannewa tun jiya ya taso. Na durƙusa a bakin kwalbati na yi ta amai, ba komai a cikina sai ruwa mai ɗaci, ita ce ta riƙe mini goshi. Ta buɗe fulas ɗin mijinta ta ba ni na kuskure baki.

Da bas ta zo, direban ya ɗaure kujerar a sama, matar ta shiga, na bi ta. Ta taga na hango Baba a tsaye a rana, yana nuna wa Injiniya kwana da sanda, bakinsa yana motsi. Daga yadda ya ɗaga yatsa na san ya kai inda mai awon hanya ya kwanta zazzaɓi. Motarmu ta bi ta gabansa a hankali, kamar yadda kwanar ke tilasta wa kowa, kusa har ina ganin zufa a goshinsa. Bai juyo ba. Jakata tana ɗakin mahaifiyata har yau, ban aika a ɗauko ba, su ma ba su aiko da ita ba.